Amsar Maigida Kan Tantance Kokatu Mai Ɗorawar Tukku

Ɗana, na duba hoton da baƙo ya kawo maka daga tsibirin Komodo na ƙasar Indunusiya, na fararen tsuntsaye biyu masu ɗorawar tukku a kan doguwar bishiya, na kuma ga tambayarka cewa ko daidai ka yi da ka rubuta su a littafinka a matsayin babban kokatun Ostareliya. Waɗannan ƙananan ne, waɗanda masana ke kira Cacatua sulphurea, shi kuwa babban sunansa Cacatua galerita. Launin tukku ne ya ruɗe ka, kuma shi ne yake ruɗar kusan duk wanda ya fara wannan aiki.

Da farko ka tabbatar cewa kokatu ne a gabanka ba wani aku ba. Danginsu iri sama da 20 ne, kuma asalin mazauninsu Ostareliya ne da Niyu Gini da gabashin Indunusiya da Filifin da tsibiran Solomon. Dukkansu suna da tukkun da suke ɗagawa su kwantar yadda suka so, kuma ba za ka ga kore ko shuɗi mai sheƙi a gashinsu ba, sai fari da baƙi da toka, da ɗan ja ko ɗorawa.

Idan fari ne, to kafin ka kalli tukku ka kalli baki. Fararen kokatu sun kasu gida biyu. Akwai masu farin baki da gajeren tukku, waɗanda ake kira korela. A cikinsu akwai mai shuɗiyar fata marar gashi a kewayen ido, akwai kuma mai dogon baki da jan zane a maƙogwaro wanda yake tona ƙasa yana ciro saiwoyi. Ɗaya gidan shi ne na masu baƙin baki da babban tukku, kuma a nan tsuntsayenka suke. A cikin wannan gida sai ka duba siffar tukkun: na arewacin tsibiran Maluku na Indunusiya tukkunsa fari ne fat mai faɗi, na tsibirin Seram kuwa jikinsa yana da shafin ruwan hoda, cikin tukkunsa ja-ja ne, kuma duka biyun tukkunsu baya yake kwantawa. Biyun da ka haɗa su ne masu siririn tukku mai ɗorawa wanda ƙarshensa yake lanƙwasowa gaba, haka nan ƙarƙashin fukafukansu da na jelarsu akwai shafin ɗorawa da ake gani idan sun tashi.

Abin da ya raba su a jiki shi ne girma. Babban yana kaiwa santimita 50 ko ya ɗan haura, ƙaramin kuwa wajen santimita 34 ne, wato bai wuce akunmu mai jar wutsiya ba. A hoto girma yana da wuyar aunawa, saboda haka ka gwada kan da jikin: a ƙaramin za ka ga kan da bakin sun yi wa jikin girma. Sannan ka duba kunne, domin ɗorawar da ke kumatun ƙaramin ta fi fitowa, ko da yake ƙarfinta yana bambanta daga tsibiri zuwa tsibiri, don haka ni ba na yanke hukunci da ita kaɗai. Na tsibirin Sumba bai da wahala, tukkunsa ruwan lemo ne. Idan ka samu kusanci, ido zai gaya maka jinsi, domin na namiji kusan baƙi ne, na macen da ta balaga kuwa ja-ja ne.

Ɗabi'a ita ce abin da nake son ka fi mai da hankali a kai, domin gashi yana iya ɓoyuwa a inuwa amma hali ba ya ɓoyuwa. A kudu maso gabashin Ostareliya babban yana yawo ne garke-garke, wani lokaci ɗaruruwa, yana sauka ƙasa yana tsince-tsincen iri da hatsi, kuma yayin da garken yake kiwo wasu sukan tsaya a saman bishiya suna gadi, da sun hango haɗari su yi kururuwa kowa ya tashi. Ya saba da mutane har ta kai a unguwannin Sidni ya koyi buɗe murfin kwandon shara. Ƙaramin kuwa an fi ganinsa bibbiyu ko 'yan kaɗan a saman dogayen itatuwa yana cin 'ya'yan itace da iri da furanni. Amma ka lura, babban da ke Niyu Gini shi ma a saman bishiya yake zama cikin ƙananan ƙungiyoyi, kuma fatar kewayen idonsa shuɗiya ce, saboda haka dole ka haɗa halin da wurin. Komodo tana cikin ƙasar ƙaramin, tare da Sulawesi da Timo ta Gabas, kuma babban ba ɗan can ba ne. Inda wuri yake iya yaudararka shi ne inda mutane suka kai tsuntsu, kamar Hon Kon, wadda ƙaramin yake rayuwa a sake a tsakiyar birninta.

Akwai wata alama da ba ta nuna iri amma tana nuna lafiya. Kokatu yana fitar da wani farin gari daga gashinsa, wanda yake sa baƙin bakinsa ya yi toka-toka. Idan ka ga bakin yana ƙyalli baƙi wuluk, ga gashi yana zubewa, to ka yi zargin cutar baki da gashi, ka rubuta hakan kusa da sunan tsuntsun.

Na tsawaita ne saboda wannan kuskure yana da nauyi. Babban yana da yawa har manoma suna kuka da ɓarnarsa, ƙaramin kuwa tun shekarar 2000 aka sa shi cikin masu gab da ƙarewa, saboda kamun da ake yi masa don sayarwa da kuma sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kogunansu. Tun 2005 yarjejeniyar CITES, wadda take tsara cinikin halittun daji a duniya, ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe, duk da haka a 2015 an kama fiye da 20 a tashar jiragen ruwa ta Surabaya a Indunusiya an cusa su cikin robobin ruwa. Duk wanda ya rubuta ƙaramin da sunan babban, ya buɗe wa mai fasa-ƙwauri ƙofa ko bai sani ba.

Ka koma ka gyara littafin, ka ƙara sunan tsibirin da yawan tsuntsayen da kuma inda suke zaune a bishiyar, sannan ka tambayi baƙon watan da ya ɗauki hoton, domin idan kusa da kogon itace suke, mai yiwuwa sheƙarsu ce.