Kamuku, Yankari ko Kufena: ina za a kai yara, me kuma za a saya?

Tambaya daga wani malamin firamare a Tudun Wada, Zariya: "Assalamu alaikum. Muna son fita da 'yan aji shida su ga daji kafin ƙarshen zango. Iyaye sun yi karo-karo, amma kuɗin bai taka kara ya karya ba. Wasu sun ce mu je Kamuku tunda a jiharmu yake, wasu sun ce Yankari. Wanne za mu zaɓa?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga wanne ya fi kyau, fara sanin hannun wa kowane wuri yake, domin mai riƙe da wurin shi zai ba ka izini, shi za ka biya, shi kuma za ka nema idan wani abu ya taso.

Kamuku yana ƙasar Birnin Gwari, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, sai a 1999 gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa. Wato yana jihar Kaduna, amma ba na jihar ba ne: hukumar gandun daji ta tarayya ke kula da shi, ita ke da ma'aikatan da ke sintiri a ciki. Dajin doka ne mai kyau, ga kaɗanya ga ɗorawa. Sai dai kowa ya san shekarun da 'yan bindiga suka shafe a dazukan yankin. Ko da ka ji ana cewa hanya ta yi sauƙi, kada ka ɗauki 'ya'yan mutane bisa maganar tasha. In ba ofishin gandun ne da kansa ya ce ku zo, ya kuma yi alkawarin rakiya ba, a bar Kamuku tukuna.

Yankari kuwa na gwamnatin jihar Bauchi ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar a 2006. In dabba ake son gani, can ne: akwai giwaye, ɓauna, gwanki da gadu, ga ruwan ɗumi na Wikki da yara ba sa son fita daga ciki. Lokacinsa rani, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Amma daga Zariya ba tafiyar je-ka-dawo ba ce. Sai an kwana, ga kuɗin mota, kuɗin shiga, na ɗaki, da na motar da ke zagayawa da baƙi cikin daji. Kuma babu wanda zai yi maka rantsuwa cewa za ku ga giwa. Abin da ba ya fashi shi ne birai a sansanin Wikki, waɗanda ke fizge ledar burodi daga hannun yaro kafin ya ce wayyo.

Da kuɗin karo-karo, ni dai a gida zan tsaya. Ku hau Dutsen Kufena da sassafe, ta wajen Wusasa. Yana cikin wuraren tarihi na ƙasa da hukumar gidajen tarihi ke da alhakin kiyayewa, kuma a kewayensa akwai sauran tsohuwar ganuwa, don haka darasi biyu za ka yi da kuɗin mota ɗaya. Daga sama yara za su hango gari shimfiɗe, da rimaye tsaye tsakanin gidaje. Wurin ba shi da tsarin karɓar baƙi irin na Yankari, saboda haka ku gaisa da mai unguwa, ku nemi wani ɗan yankin ya yi muku jagora, ku sallame shi da abin kirki. Ku sauko kafin ƙarfe goma, dutsen yana ɗaukar zafi kamar tanda.

Daga nan ku wuce Samaru, lambun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan wurin karatu da bincike ne, ba wurin shan iska ba, don haka ba a faɗa masa haka kawai. Rubuta wasiƙa da hatimin makaranta zuwa sashen nazarin tsirrai, ka kai da kanka da wuri, ka roƙi a haɗa ku da wanda zai yi bayani da Hausa. Yaron da ya dawo yana bambanta maɗaci da marke bai yi asarar ranarsa ba.

Tambaya daga wata ɗaliba a Kongo: "Na fara sha'awar kallon tsuntsaye. Na ga madubin hangen nesa iri-iri a intanet, har da mai lamba 20x50 da araha. In saya?"

A'a, ƙanwata. Lambar farko ita ce yawan kusantowa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Mai 20 yana kusanto abu sosai, amma yana ninka rawar hannunki daidai wannan adadin, kuma filin da kike gani ya ƙuntata, kafin ki laluɓo tsuntsun ya tashi. Nemi 8x42, ko 8x32 in kina son mara nauyi. Na gwanjo mai kyau ya fi sabo na bogi, amma ki gwada kafin ki biya: kalli falwayar lantarki da shi, in kika ga ta rabu biyu ko idonki ya fara ja, gilasan sun goce, ki ajiye. Ki juya shi ki duba ciki a hasken rana, in akwai farin zare kamar yanar gizo, fumfuna ce.

Gaskiya ma takalmi zan fara saya kafin madubi. Na taɓa hawa Kufena da silifas a farkon damina, ina taƙamar ɗan gari ne. Dutsen ya jiƙe, igiyar ɗaya ta tsinke a tsakiyar gangara, na ƙarasa saukowa da zama, yaran unguwa suna ta yi mini sannu suna ƙunshe dariya. Kambas mai ƙasan roba ya wadatar.

Tambaya daga wani magidanci a Sabon Gari: "Wani ya kawo mini tallar ɗan biri da aku, yara sun nace. Akwai laifi?"

Alhaji, ka haƙura. Ɗan biri ba ya barin uwarsa da daɗin rai. Yawanci sai an kashe ta ake ɗauko shi, kuma kuɗinka ne zai sake tura maharbin daji. In ya girma cizo yake yi, cizonsa kuwa sai asibiti. Aku mai ruwan toka da jan wutsiya yana cikin tsuntsayen da yarjejeniyar duniya ta hana cinikin na dajinsu tsakanin ƙasashe tun 2017, mu ma muna da dokar kare dabbobi masu ƙarewa tun 1985. Ko ba don doka ba, aku yana iya shekara arba'in a raye, yana son hira da kulawa kullum, in ya rasa sai ya riƙa fige gashin jikinsa. Yaran da suka nace yau, kafin ya tsufa sun yi aure sun bar maka shi. Saya musu tantabaru biyu ko zomo, a kafa akurki a bayan gida, ka ɗora wa babban cikinsu ba su ruwa da dawa kowace safiya.