Amarya da ƙwayar ƙiba

Tambaya: Anti, ni budurwa ce a Garwa, shekarata 23, ɗinki nake yi. Saura wata uku bikina, ga ni siririya, abinci ba ya shiga. Ƙawata ta ce in sayi ƙwayar ƙiba da ake talla a kasuwa. In saya?

Amsa: Ƙanwata, kada ki saya. Galibinsu iri biyu ne. Akwai sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa, yana buɗe ciki amma ya bar ki da gyangyaɗi a kan keken ɗinki. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne deksa, wato deksametason, maganin rage kumburi. Ruwa yake tarawa a jiki, ya kai kitse fuska da ciki, tsokar hannu da cinya kuma ya cinye ta. Na ga wata yarinya a unguwarmu, kumatu sun cika har ana yaba mata, ƙafafu kuwa kamar sillen kara, ga nankarwa a damtse. Yana kuma tayar da suga da hawan jini. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke dare ɗaya, likita ne zai rage mata a hankali.

Abin da kike nema tsoka ce. Ko barci kike yi jiki yana ƙona abinci, fiye da rabin abin da kika ci ma a numfashi da aikin zuciya, hanta da ƙwaƙwalwa yake tafiya. Kilo ɗaya na tsoka na cin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kamar 13 a rana, na kitse bai wuce 5 ba. Tazarar ba ta da yawa, amma tsokar da ake mora tana kiran abinci. Shi ya sa ɗan dako zai tashi da malmala uku, ke da kika wuni a zaune rabin ɗaya ya gagare ki.

Kuɗin nan ki kai su wajen mai kifin madatsar ruwan Lagdo, ki haɗa da wake, kindirmo, kunun gyaɗa da ƙwai, ƙwai ɗaya yana da furotin, sinadarin gina tsoka, wajen giram 6. Zafin Garwa na kashe marmarin abinci, don haka ki fi ci da sassafe da bayan magariba, tsakani kuma kaɗan-kaɗan. Sau biyu ko uku a mako ki yi tsuguno da tashi, ki riƙa ɗaga jarkar ruwa har hannu ya gaji. Kilo ɗaya ko biyu a wata ya wadatar.

Idan kuwa ramar sabuwa ce, ga tari ko zazzaɓi ko yawan fitsari, ki fara da zuwa asibiti a auna ki.