Tambaya da Amsa: Sake ɗura kwanson harsashi babu ma'auni

Tambaya: Na gaji bindigar farauta mai cin harsashi .375 H&H daga mahaifina, da takardar izininta. Harsashinta ya yi wuyar samu, amma ina da kwansuna da albarushin da aka zazzage daga harsashin kalibar 12. Zan iya ɗura su da kaina, in riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har in dace? Daga wani mai karatu, Birni, Zinder.

Amsa: Malam, don Allah kada ka yi. Albarushin kalibar 12 mai saurin ci ne, an yi shi don bindigar da matsin cikinta bai wuce bar 740 ba (bar ma'aunin matsi ne) a kwanso mai tsawon milimita 70. Ita kuwa .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Ingila ya fitar a 1912, tana aiki ne a kusan bar 4,300 da albarushi mai ci a hankali. In ka zuba mai sauri a wannan babban kwanso, zai kama gaba ɗaya kafin dalma ta motsa, ƙarfen ya tsage a daidai inda fuskarka take.

Shi ma "kaɗan-kaɗan" ɗin ba hanya ba ce. Masu fitar da ma'aunin albarushin da ya dace da kowane harsashi suna gwaji ne da bututu na musamman mai na'urar auna matsi. Kai abin da za ka gani kawai shi ne alamu: ƙwayar da ke gindin kwanso ta baje ta yi lebur, ko makullin bindiga, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya rufe bayan bututu, ya ƙi buɗuwa sai da bugu. Kafin su bayyana, an daɗe da ƙetare iyaka. Ga kuma zafin Damagaram a watan Afrilu da Mayu: harsashin da ya sha rana cikin mota matsinsa ƙaruwa yake yi.

Ragewa ma da nata haɗarin, gara ka sani. Dalma tana iya maƙalewa a tsakiyar bututu. In ka ji ƙara maras ƙarfi, ko bindiga ba ta tokare ka ba, kada ka sake harbawa. Cire makulli, ka leƙa bututun daga baya ta wajen haske. In ka ja kunama ba ta tashi ba, bar bakin yana kallon ƙasa tsawon minti ɗaya kafin ka buɗe.

Nemi harsashin masana'anta wurin dillali mai izini, ka tabbata lambar da ke gindinsa ta yi daidai da wadda aka buga a jikin bututu. Batun haɗa harsashi a gida kuwa, ka fara tambayar jandarmomi abin da doka ta ce.