Kakana bai dawo daga yaƙin Bama ba

Tambaya: Malam, kakana ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai su ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), bai dawo ba. Abin da ya rage mana shi ne wata lambar yabo da kakata ta naɗe a tsumma cikin adakarta. Ta yaya zan gano inda yake kwance? Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa. Sojojin Najeriya sun yi yaƙin Bama ne a Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a 1944 da 1945. Hukumar CWGC, mai kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila, tana da sunayen mamatan a intanet kyauta, kuma waɗanda ba a san kabarinsu ba an rubuta sunayensu a dutsen tunawa na Rangun, cikin maƙabartar Taukkyan da ke can ƙasar Bama. Sai dai ki yi haƙuri wajen nema, domin sau da yawa akawun soja kan haɗa sunan mutum da na garinsu, kamar Musa Bauci, shi ya sa lambarsa ta soja ta fi suna amfani. Ki fara tambayar dattawan gidanku tun suna raye, ko akwai tsohuwar wasiƙa mai ɗauke da ita.