Addini da Ruhaniya: Kalmomi Biyu a Bakin Kiristoci Masu Jin Hausa

Wata mai karatu daga Jos, wadda take cikin zumuntar mata ta majami'arsu, ta rubuto cewa ta ji wani mai wa'azi yana faɗin cewa Kirista na gaskiya ba mai addini ba ne, mai ruhaniya ne. Tana tambaya ko Hausa ta yarda da wannan rarrabewa, kuma mece ce ainihin ma'anar kalmomin biyu.

Malama, duka kalmomin Larabci ne ya ba mu aronsu. Addini ya zo mana tare da alif da lam ɗinsa a manne, kamar yadda alƙali da alkama suka zo, kuma a Hausa ya ƙunshi dukan tafarkin da mutum yake bi wajen bauta wa Allah, wato abin da ya gaskata, da ibadarsa, da dokokin da ya ɗaure kansa da su, da jama'ar da yake tarayya da ita. Ruhaniya kuwa daga ruhu ta fito, kuma tana nufin halin da ruhin mutum yake ciki tsakaninsa da Mahaliccinsa. Sai dai a kula, domin daga wannan saiwa ce muka sami rauhanai, aljanun nan da ake yi wa kallon na kirki, don haka idan aka gaya wa tsohuwa a ƙauye cewa wane yana da ruhaniya, tana iya ɗauka cewa mai iskoki ake nufi.

Abin da na lura da shi shi ne, sanya kalmomin biyu su fuskanci juna kamar kishiyoyi baƙon abu ne a harshenmu. Daga Amurka da Turai ya taso, inda ake samun mutanen da suka daina zuwa majami'a amma suna cewa ba su rabu da neman Allah ba. Bahaushe idan ya ce wance tana da addini, yabo ne cikakke, yana nufin tana da tsoron Allah da gaskiya da kunya, bai ware zuci daga aiki ba. Shi ma Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932 bayan aikin Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, bai mai da addini kalmar zargi ba. A ƙarshen sura ta 1 ta wasiƙar Yakubu an raba addini gida biyu: na banza, wato na mutumin da ba ya kame bakinsa, da kuma sahihi, wanda aka bayyana da kula da marayu da matan da mazansu suka mutu a cikin wahalarsu. Kishiyar ruhaniya kuma, a wurin Manzo Bulus, ita ce halin jiki. Ya gaya wa Korintiyawa, wato Kiristocin birnin Korinti, cewa bai iya yi musu magana kamar mutanen ruhu ba, saboda kishi da jayayya da suke tsakaninsu. A sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa ya lissafa abubuwa 9 da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa, ya fara da ƙauna, ya rufe da kamunkai, kuma yawancinsu maƙwabci ne zai iya ba da shaidarsu.

A ganina, abin da mai wa'azin ya so ya soka shi ne riya, wato ibadar ganin ido, irin ta Bafarisiyen nan, ɗan wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin doka, na sura ta 18 ta Bisharar Luka, wanda ya tsaya a Haikali yana ƙirga wa Allah azuminsa sau biyu a mako da zakkarsa, alhali mai karɓar haraji yana can nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Da ya ce riya ko munafunci, da ya huta, mu ma da mun huta.

Wani mai karatu daga Kaduna ya tambayi karin maganar da ta dace da wannan batu. Wadda ta fi kusa ita ce "Musa a baki, Fir'auna a zuci", kuma daɗinta shi ne Musulmi da Kirista duk sun san mutanen biyu, babu mai bukatar a yi masa bayani. Amma ina so ka haɗa ta, malam, da "labarin zuciya a tambayi fuska", domin ta farko tana gargaɗi cewa baki yana iya saɓa wa zuciya, ta biyu kuwa tana cewa abin da ke ciki ba ya ɓoyuwa har abada. Ka dubi kalmar bangaskiya ma, wadda Kiristoci suka fi amfani da ita inda Musulmi suke cewa imani. Ita Hausa ce tsantsa, ginin ta ɗaya da bangirma da bankwana da banhaƙuri, kuma ban ɗin nan daga bayarwa yake. Wanda ya ce yana da bangaskiya, a nahawun kalmar, ya ce ya ba da wani abu ne ga wani.