Sabon babur mai ƙafa huɗu yana harbi, salansa na yin ja: a buɗe injin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a nan Kumasi, ina noman masara a wajen Ejura. Sati uku ke nan da na sayi sabon babur mai ƙafa huɗu ɗan Caina, mai inji 200cc, don zagaya gona. Ranar farko ya yi ta hayaƙi shuɗi, daga baya ya daina. Yanzu kuma da na saki totur sai salansa ta riƙa harbi kamar bindiga. Jiya da magariba na ga wuyanta ya yi jawur, sannan in na yi tafiyar minti 15 sai ya shaƙe ya mutu, ya huta ya sake tashi. Wani fita, wato makaniki, ya ce a canza ring, a huda salansar ta samu numfashi. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a mora. Kafin komai, kada ka bari a buɗe injin nan, kada kuma a huda salansa. Inji mai sati uku bai kai cin ring ba, kuma ranar da aka kwance kansa a wani gareji, ranar garantinka ya tafi.

Hayaƙin ranar farko bai dame ni ba. Waɗannan baburan a akwati suke sauka tashar jirgin ruwa ta Tema, a nan ake harhaɗa su. In an karkata akwatin a hanya, ko mai harhaɗawa ya cika baƙin mai fiye da kima, man kan gangara cikin gidan matatar iska ko salansa, ya ƙone a 'yan awoyin farko tare da sabon fenti. Da ring ne, da hayaƙin bai daina ba. Duba sandar awon mai kawai a wuri mai daidai, ka tabbata bai haura layin sama ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jan wuyan salansa. Harbi, ja da mutuwa, duka ukun bakinsu ɗaya: fetur ya yi wa injin kaɗan, iska ta yi yawa. Irin wannan haɗin a hankali yake ci da wuta, har bawul ya buɗe bai gama ƙonewa ba, sai ragowar wutar ta bi salansa. In aka ci gaba a haka, bawul ɗin fitar hayaƙi ne zai ƙone, wani lokaci har kan fistin ya huje. Fulogi zai ba ka shaida. Ciro shi bayan injin ya huce: bakinsa ya yi kalar ƙasa-ƙasa, lafiya; ya yi fari fat kamar alli, maganata ta tabbata.

Fara da abin da ba ya cin ko sidi ɗaya. Nan gaba da ya mutu, buɗe murfin tanki nan take, ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska "fuu", kuma babur ya tashi ba gardama, to ƙaramar kafar iska ta murfin ce ta toshe, ko siririn tiyon da ke kansa ya lanƙwashe. Tanki ba ya sakin mai in iska ba ta shiga. Na sha ganin an kwance kafireta sau biyu a kan wannan 'yar matsala, abin yana ba ni takaici. Daga nan bi tiyon mai har ƙasa, ka duba 'yar matatar da ke tsakiya, domin sabon tanki kan zo da ɓurɓushin ƙarfe ko roba, balle in kana sayen man galan a ƙauye.

Sai robar da ta haɗa kafireta da kan inji. In ɗaurinta bai kamu ba ko ta tsage, iska na satar hanya ta nan. Da safe, inji na aiki a silo bai yi zafi ba, a fesa ɗan maganin wanke kafireta a gewayenta. Ƙarar injin ta canza, an kama ɓarawo. Haka notuna biyu da ke riƙe wuyan salansa: sukan saki bayan zafin farko, iska ta shiga, harbi ya ƙaru. Baƙin tabon hayaƙi a gefen mahaɗar shi ne alama. In duk waɗannan lafiya suke, a wanke ƙaramin jet na silo, a ɗan sassauta sukurin mai da rubu'in juyi, a gwada, ba a murɗa shi gaba ɗaya ba.

Akwai kuma saitin bawul. Sabon inji yana zaunawa a awoyin farko, tazarar bawul takan matse. Shi ya sa littafin Honda ya sa sabis na farko a awa 20 ko kilomita 150, naka ma ba zai yi nisa da haka ba. A auna da ma'aunin tazara, inji a sanyaye, bisa lambar da ke littafinka, a kuma juye baƙin man da ya zo da shi. A Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, nemi fitan da ya saba da injin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, kuma ka ga ma'aunin a hannunsa kafin ya taɓa.

Huda salansa kuwa ƙara wa ciwon gishiri ne, don iska za ta ƙara yawa a kan mai. Ga shi da yawansu akwai raga a ciki mai tare tartsatsi. Ka san yadda ciyawar Ejura ke bushewa da hunturu. Kada ka shiga gona da wuyan nan yana ja, kuma kada ka tada shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa.

Amma tun kafin fita ya sa hannu, ɗauki bidiyon harbin da jan salansar a wayarka, ka haɗa da rasit ka koma wa wanda ya sayar maka, domin gyaran nan haƙƙinka ne a kansa. In bayan an yi duk wannan shuɗin hayaƙi ya dawo, baƙin mai yana raguwa, ko ka ji ƙwanƙwasa daga cikin inji, kashe shi nan take, a ɗora shi a mota a mayar masa yadda yake.