Ɗan'uwa mai suma bayan allurar tsoka, ni ma na sha wannan

Salam ɗan'uwa. Wlh ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa, ka ce duk sanda ka yi allurar gina tsoka, wato sitiroyid, a ɗuwawu ko cinya ba a jimawa sai zufa ta keto maka, kunne ya toshe, ka fara ganin duhu-duhu, wannan karon har ka zube ƙasa, kana tambaya wai maganin ne jabu ko jikinka ne ba ya ɗauka. Sannan na ga wasu sun ce maka tsoro ne kawai ka daure. Dan Allah kar ka saurare su, irin maganar da aka yi min kenan kuma ta kusa kai ni lahira.

Ni wani koci ne yake min a jim ɗin da nake zuwa lokacin, ba zan kira sunansa ba amma Allah ya gani. Bayan mun gama atisayen ƙafa, jikina duk rawa yake ga ƙishirwa, ya ce in tsaya in dafa bango ya soka min a tsaye. Yana zare allurar na ji wani shuuu a kunnena, bakina ya cika da yawu, na ce masa koci jiri nake ji, ya ce kai dalla tsaya kamar namiji. Daga nan ban san komai ba sai farkawa na yi a ƙasa goshina ya daki bakin benci jini na shiga min ido. Ka san me ya yi? Ɗago ni ya yi ya zaunar da ni ya jingina ni da bango, na sake sumewa. Da na dawo dariya na tarar yana yi, wai ƙato kamarka ƙaramar allura ta kayar, ga wani yaro a gefe da waya yana ɗauka kuma bai hana shi ba. Har yau in na tuna dariyar nan ƙirjina zafi yake. Mutumin da na yarda da shi, nake gaishe shi da girmamawa, ko ya ce mu je asibiti a ɗinke goshin bai ce ba, damuwarsa kar mai jim ya ji. Har da ce min wai alama ce maganin mai ƙarfi ne yana aiki. Tabon yana nan a fuskata, bidiyon kuma ya zaga hannun mutane, na daɗe ban iya haɗa ido da kowa a wurin ba.

Likitan da ya ɗinke ni shi ya min bayani. Yawancin irin wannan suman suna ce masa basobagal, akwai wata jijiya da ake kira bagus da ke rage gudun zuciya, zafin allura ko fargaba ko ganin jini sai ya zabure ta, bugun zuciya ya yi ƙasa, hanyoyin jini su saki, jini ya taru a ƙafafu bai isa ƙwaƙwalwa ba, sai jiki ya kayar da kai. Ba ruwansa da girman damtse ko jarumta. In ka kwanta flat jinin yana komawa kai, yawanci ko minti ɗaya ba a yi mutum ya farfaɗo, shi ya sa zaunar da ni da kocin nan ya yi shi ne mafi munin abin da za a yi wa wanda ya suma. Kwantar da shi ake a ɗaga ƙafafunsa, kuma kar a ɗura masa komai a baki sai ya dawo hayyacinsa sosai. Wani ma har ɗan fizge-fizge yake na 'yan daƙiƙoƙi mutane su zaci farfaɗiya ce.

To in naka wannan ne, faɗuwar ce abin tsoro ba suman ba. Kar ka ƙara yarda a soka maka komai a tsaye, ko a banɗaki inda ga tayil ga kan famfo, ko kai kaɗai a ɗaki ka kulle ƙofa. A kwance, kuma ka zauna a wurin kamar minti 15 kafin ka miƙe, ba da yunwa ba, ba da ƙishirwa ba, ba kana fitowa daga ɗaga ƙarfe ba. Da ka ji zufar nan ta fara ka kwanta nan take ko a gaban waye, ka harɗe ƙafafu ka matse cinyoyi da ciki da ƙarfi, yana taimakawa jini ya hau.

Amma fa ɗan'uwa abin da ya hana ni barci a tambayarka shi ne ba ka faɗa mana ko kana tari ba. Domin akwai wani daban. Waɗannan allurai na testosteron a cikin mai suke, in ɗan man ya samu hanyar jini sai ya wuce huhu, mutum ya kama tari ba ƙaƙƙautawa, ƙirji ya ɗaure, maƙogwaro ya shaƙe, zufa, jiri, har suma. Masu allurar tiren, wani nau'in sitiroyid, sun san tarin nan, har sun mai da shi abin wasa alhali ba wasa ba ne. Ka duba Aveed, wani maganin testosteron na allura wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014, sharaɗinsa sai a asibiti ake yi kuma a tsare mutum minti 30 ana kallonsa saboda wannan matsalar da kuma mummunan borin jini. Wannan fa maganin kamfani ne mai tsabta ma'aikacin lafiya ke yi, ina ga kwalbar da ba wanda ya san inda aka dafa ta. In ka ga leɓe ko harshe ya kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, numfashi na fito, wannan ba a jira, asibiti kai tsaye, allurar adirenalin ce ke ceto.

Ga kuma zuciya, wadda ba ma son maganarta a nan. Sitiroyid yana kaurara naman zuciya, yana hawar da jini, yana sa jini ya yi kauri, likitoci ma in ma'aunin kaurin jini ya wuce kashi 54 dakatar da testosteron suke. In kana haɗawa da kilenbutarol, wanda ake sha don ƙona kitse, ko maganin sa fitsari don ka bushe, bugun zuciya na iya rikicewa. Mohammed Benaziza, ɗan gasar gina jiki, a 1992 ya rasu jim kaɗan bayan gasa a Holan, kuma maganin zuƙe ruwan jiki aka danganta da mutuwarsa. In kuwa akwai insulin a cikin abin da kake yi, to jirin da rawar jiki da zufa mai sanyi na iya zama sukari ne ya faɗi, wannan mutum na iya kwanciya bai tashi ba.

Af, na ma tuna, kocin nan kwalba ɗaya yake zuƙa wa mutane da yawa, sai da na je gwajin ciwon hanta da ƙanjamau, jiran sakamakon nan ba na yi wa maƙiyi fatansa. In wani ne yake maka kai ma ka je ka gwada.

Ni dai shawarata ka dakatar da allurar nan tukuna, ka je wurin likita da kwalbar a hannunka ka faɗa masa gaskiyar duk abin da kake sha da wanda kake sokawa, kar ka ce bitamin ne, ba zai iya taimakonka da rabin labari ba. Ka roƙa a auna jininka a kwance da a tsaye, a yi maka gwajin bugun zuciya na ECG, a duba sukari da kaurin jini. Musamman in ka taɓa suma kana tsakiyar atisaye, ko ba wata alama kawai ka ganka a ƙasa, ko zuciyarka na dukan uku-uku kafin ka faɗi, ko a danginku akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, to yau ɗin nan ka tafi kar ka bari sai gobe. Kuma in kanka ya bugu da ka faɗi, kana ciwon kai ko amai, wannan ma na gaggawa ne.

Dan Allah ka dawo ka faɗa min, ka yi tari ko ba ka yi ba, kuma akwai insulin a ciki? Allah ya ba ka lafiya.